Darasin Wata: Rancen Karatu da Sana'o'in Mata a Ƙasar Amurka

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Amurka, karatun jami'a na daga cikin manyan abubuwan da ke jefa mutane cikin bashi. Mutane sama da miliyan 40 ne gwamnatin tarayyar ƙasar ke bi bashin karatu, kuma jimlar kuɗin ta haura dala biliyan 1,600. Wajen kashi biyu cikin uku na bashin karatu a ƙasar yana wuyan mata ne. Darasin wannan wata zai duba wata doka da aka kafa a 2025, wadda ta rage yawan rancen da ake ba masu neman digiri na biyu da na uku, da kuma yadda ta shafi sana'o'in da mata suka fi yawa a ciki.

Mene ne rancen karatu?

Rancen karatu kuɗi ne da ake ba ɗalibi ya biya makaranta, ya sayi littattafai, ya kama ɗaki, ya ci abinci. Idan ya gama karatu ya sami aiki, sai ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, tare da kuɗin ruwa. A Amurka, babbar dokar da ake tafiyar da wannan rance a ƙarƙashinta ita ce Dokar Ilmi Mai Zurfi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965.

Karatun jami'a hawa-hawa ne. Akwai digiri na farko, wanda galibi ake yi cikin shekara huɗu. Daga nan sai digiri na biyu, sannan na uku, watau digirin dakta. A 2006 aka soma wani shiri mai suna Grad PLUS domin masu hawa na biyu da na uku. A ƙarƙashinsa ɗalibi na iya rantar duk abin da karatun zai ci, komai yawansa, muddin makarantar ta tabbatar da lissafin. Ruwan wannan rance ba kaɗan ba ne. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 ya kai kusan kashi 9 cikin 100. Duk da haka ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa waɗanda ba su da wanda zai ɗauki nauyinsu.

Abin da sabuwar doka ta canja

Ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi. Wani sashe na dokar ya soke shirin Grad PLUS ga sababbin masu rance, daga ranar 1 ga Yuli, 2026. Waɗanda suka riga suka shiga shirin an ba su damar ci gaba har zuwa shekara uku domin su ƙarasa.

Sannan dokar ta kasa ɗalibai gida biyu. Gida na farko shi ne na masu digirin da aka kira "na ƙwararru". Su an yarda su ranci dala 50,000 a shekara, amma jimla kada ta wuce dala 200,000. Gida na biyu shi ne na sauran masu digiri na biyu da na uku. Su kuwa dala 20,500 ne iyakarsu a shekara, jimla kuma dala 100,000. Mai karatu zai lura cewa abin da ɗan gida na farko ke samu a shekara ya ninka na ɗan gida na biyu fiye da sau biyu. Saboda haka duk maganar ta koma kan tambaya guda: wa za a sa a gida na farko?

A watan Nuwamba na 2025, wani kwamiti da Ma'aikatar Ilmi ta Amurka ta kafa ya amince da jerin fannoni goma sha ɗaya. Ga su: likitanci, da wani reshensa mai kula da jiki ta hanyar ƙashi da tsoka, da likitancin haƙori, da likitancin dabbobi, da haɗa magunguna, da awon ido, da likitancin ƙafa, da gyaran ƙashin baya da hannu, da aikin lauya, da ilmin addini, da kuma ilmin kula da lafiyar tunani a asibiti. Goma daga cikinsu an ɗauko su ne daga wani tsohon jeri da ya daɗe a cikin ƙa'idojin ma'aikatar.

Waɗanda aka bari a waje

Jerin bai ƙunshi aikin jinya ba. Bai ƙunshi koyarwa ba. Haka nan babu aikin kyautata jin daɗin jama'a, babu gashin ƙashi, babu gyaran magana ga masu in'ina da masu larurar furuci, babu awon ji, babu aikin mataimakan likita. Duk waɗannan sana'o'i ne da mata suka fi yawa a ciki. Cikin kowane ma'aikacin jinya goma a Amurka, kusan tara mata ne. Cikin masu gyaran magana, mata sun haura tara cikin goma. Cikin ma'aikatan jin daɗin jama'a da malaman firamare, wajen takwas cikin goma mata ne.

Ya kamata a yi adalci a nan. Dokar ba ta ambaci mace ko namiji ba. Kuma akwai fannonin da ke cikin jerin waɗanda mata suka fi yawa a azuzuwansu, kamar likitancin dabbobi da haɗa magunguna. Har wa yau, dokar ba ta taɓa rancen da ɗalibar jinya ke karɓa da sunanta a digiri na farko ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hawa na gaba, domin a yawancin sana'o'in da aka bari a waje, digiri na biyu ko na uku ba ado ba ne, sharaɗi ne na samun lasin aiki.

Alal misali, ba a ba mutum lasin gyaran magana sai da digiri na biyu. Mai gashin ƙashi sai ya yi digirin dakta na wajen shekara uku. Babbar nas mai izinin duba marar lafiya da rubuta masa magani sai ta yi digiri na biyu ko na uku. Haka ma nas ungozoma. Nas mai ba da maganin sa barci lokacin tiyata kuwa, digirin dakta ake bukata daga gare ta, kuma karatun yana cin lokacinta duka, ba ta da sararin yin wani aiki a gefe.

Ɗan lissafi

Ga misali domin gwaji. A ce wata nas ta sami gurbin karatun shekara uku. A ce kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai sun tashi dala 45,000 a shekara. A shekara uku ke nan tana bukatar dala 135,000. Gwamnati za ta ranta mata dala 20,500 sau uku, watau dala 61,500. Saura dala 73,500 ke nan da za ta nemo da kanta. Da a ce aikin lauya take karantawa a kan wannan farashi, da rancen gwamnati ya ishe ta, domin iyakarsa dala 50,000 ne a shekara.

To, ina za ta samo cikon? Hanya uku ce. Ko iyalinta su biya, idan suna da hali. Ko ta je banki. Ko ta haƙura da karatun. Rancen banki kuwa ba kamar na gwamnati ba ne. Banki yana duba tarihin biyan bashin mutum, sau da yawa kuma yana neman wanda zai tsaya masa. Ba ya cikin tsarin gwamnati na rage biyan wata gwargwadon albashi. Kuma ba ya cikin shirin nan na 2007 da ke yafe ragowar bashi ga wanda ya yi wa hukuma ko ƙungiyar taimako aiki na shekara goma yana biya. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a na cikin masu dogara da wannan shiri. Daɗin daɗawa, macen da ke aiki cikakken lokaci a Amurka na samun kashi 80 da 'yan kai ne cikin 100 na abin da namiji ke samu, don haka bashi ya fi daɗewa a wuyanta.

Hujjar gwamnati da ta masu suka

Gwamnati na da nata dalili. Ta ce rance marar iyaka shi ya ba jami'o'i damar tsawwala kuɗin makaranta, tun da sun san ko nawa suka yanka gwamnati za ta ranta wa ɗalibi. Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Tun 1987 William Bennett, sakataren ilmi a zamanin Shugaba Ronald Reagan, ya faɗe shi. Wani bincike da aka fitar a 2023 a kan ɗaliban jihar Texas ya gano cewa Grad PLUS ya ƙara yawan bashi da tsadar karatu, amma bai ƙara yawan masu shiga karatun ba. Ma'aikatar Ilmi ta kuma ce kalmar "ƙwararru" ta lissafin rance ce kawai, ba awon darajar sana'a ba ne, kuma kashi 95 cikin 100 na ɗaliban jinya suna rantar ƙasa da sabuwar iyakar.

Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Amurka da ƙungiyar kwalejojin jinya ba su gamsu ba. 'Yan majalisa fiye da 100 daga manyan jam'iyyu biyu na ƙasar su ma sun rubuta wa ma'aikatar a ƙarshen 2025 suna neman a sa aikin jinya a jerin. Hujjarsu ita ce, ko da 'yan kaɗan ne iyakar za ta tare, su ne masu karatun da aka fi bukata. A yawancin ƙananan asibitocin karkara na Amurka, nas ce ke ba da maganin sa barci, ba likita ba. A ƙauyuka da yawa babbar nas ce ke duba marasa lafiya. Bugu da ƙari, mai koyarwa a kwalejin jinya sai da digiri na biyu ko na uku. A 2023 kwalejojin jinya sun mayar da takardun neman shiga sama da 60,000 na waɗanda suka cancanta, kuma ƙarancin malamai na cikin manyan dalilai. Idan malamai suka ragu, masu shiga aikin daga tushe ma za su ragu.

Abin lura

Nijeriya ma ta shiga sahun masu ba da rancen karatu. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar a 2023, aka sake fasalinta a 2024, aka kafa asusun NELFUND. Rancen Nijeriya ba shi da ruwa, kuma dokar ta ce sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa ake soma biya. Tsarin ya bambanta da na Amurka, amma darasin ɗaya ne. Duk inda aka kafa dokar rance, ba adadin kuɗin kaɗai ake dubawa ba. Ana duba wa aka sa a jeri, wa kuma aka bari a waje. Layi ɗaya a takardar hukuma na iya yanke hukuncin ko 'yar talaka za ta hau sama a sana'arta, da kuma ko asibitin ƙauye zai sami mai duba mace idan naƙuda ta yi gardama.

Tambayoyi domin aji

1. Mene ne bambancin rancen gwamnati da rancen banki?
2. Dala nawa ce iyakar rance a shekara ga kowane ɗaya daga cikin gidaje biyun?
3. A ambaci sana'o'i huɗu da aka bari a wajen jerin "ƙwararru".
4. Idan karatu na cin dala 30,000 a shekara, aka ranta wa ɗaliba dala 20,500, nawa ya rage mata a shekara biyu?
5. Don me masu suka suka ce mutanen karkara ne za su fi jin jiki?
6. Wace hujja ce ta fi ƙarfi, ta gwamnati ko ta masu suka? A tattauna a aji.