Taswirar Itatuwan Garinmu

Taswira zane ce mai nuna wuri kamar yadda shaho yake hangensa daga sama. Da can, da hannu ake zana ta. Yau tauraron ɗan'adam ne ke ɗauko hoton ƙasa, a duba shi cikin kwamfuta ko wayar hannu. Akwai wani tsari mai suna Google Earth da ya fito a 2005. Da shi, kana zaune za ka ga Ɗan Issa, da hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, da tabkin Madarunfa, da dajin Baban Rafi.

To, ina amfanin wannan ga manomi? Dattawa ba su manta da farin 1973 ba, da yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. A lokacin gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Daga 1983, wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan sassabin zamani. Wato in an zo sassabe, a bar tohon kututture, a rage masa rassa, ya girma.

Bayan shekara 20, masana suka gwada hotunan sama na 1975 da sababbi. Sai suka ga itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gani ya kori ji.

Ƴan makaranta ma za su iya wannan aiki a garinsu. Ga yadda ake yi:

1. Malam ya buɗe hoton gari, a zaɓi gona mai hekta 1, wato mita 100 tsawo, mita 100 faɗi.
2. A ƙirga itatuwan da ke ciki. Hoton rani ya fi, domin hatsi ba ya rufe ƙasa, gawo kuma da rani yake ganye.
3. A nemi tsohon hoton wurin, a ƙirga, a gwada.
4. A je gonar da ƙafa, da izinin mai ita. Hoto ba ya bambanta kalgo da sabara, sai ido.
5. A tambayi tsofaffi itatuwan da suka ɓace, a rubuta sunayensu.

In lissafi ya nuna itace yana raguwa, gari ya samu hujjar zama da maigari da ma'aikatan daji tun kafin mata su fara tafiya mai nisa neman makamashi. Yaro yana da na'ura, uba ya san daji. Sai an haɗa su taswira take cika.

Tambayoyi
1. Mene ne sassabin zamani?
2. Don me hoton rani ya fi?
3. Itatuwa nawa ne a gonarka?