Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Bambanta Ɓera Namiji Da Mace A Gwaji?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Yakasai cikin birnin Kano yana tambaya: me ya sa masu binciken magani a jami'o'i irin su Bayero ke ware ɓeraye maza daga mata?

To malam, sannu da ƙoƙari. Amsar tana saman ƙoda, inda wani ɗan ƙullutu mai suna adirinal yake zaune. A cikin ƙwayoyinsa akwai ƙananan injina da ake kira maitokondiriya. Su ne ke fara sarrafa kitsen kolestirol ya zama sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala da firgici, bisa umarnin sinadarin ACTH da ke saukowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa.

A 1961, masani Julian Kitay ya nuna cewa macen ɓera ta fi namiji fitar da sinadarin jure wahalar. Ƙullutun nata ma ya fi girma. Idan aka dandaƙe namiji, nasa kan ƙaru, alamar cewa sinadarin mazakuta ne ke danne shi. Irin wannan bambanci ne ya sa a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta wa masanan da take ba kuɗi lura da jinsin dabbar gwaji.

Wannan ƙullutu fa mu ma muna da shi. Man bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba masu ɗauke da sitiroyid suna kashe masa ƙarfi. Wanda ya daɗe yana amfani da su kada ya daina farat ɗaya. Ya je ya ga likita tukuna.