Tarin Shiƙa da Mako Shida na Fari

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan tarin shiƙa ne, wanda waɗansu ke kira tarin lala. Sau da yawa miji da mata sukan tsaya gardama a kan allurar rigakafinsa. Maigida ya ce allurar tana sa yaro zazzaɓi, ga aikin gona yana jira. Uwa kuwa ta tuna da ɗan maƙwabta da ya kwana uku yana shiɗewa. Bari mu duba maganar a hankali, domin kowannensu yana da abin da ya gani.

Wata ƙwayar cuta ce take kawo tarin. Likitoci biyu na ƙasar Beljiyam, Jules Bordet da Octave Gengou, su ne suka fara ware ta a 1906. Tana bin numfashi, daga tari ko atishawa. Bayan kwana 7 zuwa 10 sai ta fara kamar mura, da majina da ɗan tari, har mako ɗaya ko biyu. A lokacin nan ne ta fi yaɗuwa, gama ba wanda ya gane ta tukuna. Daga nan sai tarin ya tsananta, ya zo a jere ba hutu, yaro ya ja numfashi da ƙara, ya yi amai. Mutanen Sin suna ce da shi tarin kwana ɗari, ba su yi ƙarya ba.

Babban yaro yakan sha wahala ya tashi. Jariri shi ne abin tsoro. Sau da yawa ba ya yin ƙarar nan da muka saba ji, sai dai numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci, leɓunansa su canja launi, ya kasa shan mama. Yawancin waɗanda tarin yake kashewa ba su kai wata uku ba. Likita David Morley, wanda ya yi aiki a ƙauyen Imesi-Ile kusa da Ilesha, ya auna nauyin yara wata-wata, ya ga yadda tarin nan yake ramar da su saboda yawan amai, har waɗansu su faɗa cikin tamowa bayan tarin ya wuce.

A Nijeriya ana yi wa jariri allurar Penta sau uku: yana mako 6, da mako 10, da mako 14. An fara ta a 2012, ta maye gurbin DPT da iyayenmu suka sani. Cuta biyar take tsarewa, tarin shiƙa ɗaya ne daga ciki, kyauta ce kuma a asibitin gwamnati. Gaskiyar maigida ce, takan sa zazzaɓi da kumburi a cinya da rigima, kwana ɗaya ko biyu. Jefi-jefi zazzaɓin yakan sa wani yaro jijjiga, wannan lalle sai a kai shi asibiti. Ba mu ɓoye wannan ba. Amma mu ɗora kwana biyu na rigima a gefe guda, wata biyu ko uku na tari da amai a gefe guda.

An taɓa gwada barin allurar. A Ingila, a 1974, labari ya bazu cewa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Iyaye suka tsorata. Daga wajen yara 77 cikin 100 da ake yi wa, aka sauka zuwa wajen 31 a 1978. Tsakanin 1977 da 1979 mutum fiye da 100,000 suka kamu, yara suka mutu. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da zargin nan ba, iyaye suka koma kai 'ya'yansu, tarin kuma ya lafa.

To, amma ga inda gizo yake saƙa. Allura ta fari sai yaro ya kai mako 6, ita kaɗai kuma ba ta ba da cikakken tsaro. Wa zai tsare shi kafin nan? Duk mai kiwo ya san ɗan maraƙi da ya sha dakashi ya fi wanda bai sha ba ƙarfi, domin uwar ta ba shi aron garkuwarta. Mace ma haka take, sai dai ita tun yaro yana ciki take miƙa masa garkuwar ta hanyar mabiyiya, musamman a watanni uku na ƙarshe. Saboda haka idan aka yi mata allurar tarin shiƙa tana da ciki, ɗanta yakan faɗo da kāriya. A 2012 jarirai 14 suka mutu da tarin nan a Ingila da Wales, sai aka fara yi wa masu ciki allurar a watan Oktoba na shekarar. An ga tana tsare wajen jarirai 9 cikin 10. A Amurka ana yin ta tsakanin mako 27 da 36 na ciki, kowane ciki da tasa, gama garkuwar tana raguwa.

A nan muke roƙo a kasa kunne. Allurar da ake yi wa mata a wurin awo a garuruwanmu ta ciwon sandarewa ce mai sarƙe haƙora, haɗe da ta mashaƙo. Muhimmiya ce ƙwarai, kada mace ta bar ta. Amma ba ta tsare tarin shiƙa. Wadda take tsarewa ana kiranta Tdap, ba ta cikin jerin da gwamnati take bayarwa kyauta. Kada kuma wani ya ce a yi wa mai ciki Penta, gama ta jarirai ce. Macen da take da hali ta tambayi likita ko za a sami Tdap. A ganinmu, in ta samu a hannun ma'aikacin lafiya na gaskiya, ta cancanci kuɗinta.

Ga mafi yawanmu, sai mu rufe gurbin nan da hannunmu. Ranar suna gida yakan cika, kowa yana so ya ɗauki jariri. Mai tari ko mura ya yi barka daga bakin ƙofa, ko kakarsa ce. Manya sukan ɗauki cutar nan kamar ƙaramin tari ne da ya ƙi jin magani, su kai wa jariri ba su sani ba. Yayyen jariri kuma a duba katinsu, wanda bai cika uku ba a kai shi. Mako 6 kuwa kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan arba'in. Mai jego da ta tafi wanka gidan iyayenta ta tafi da katin, domin ana karɓarsa a kowane asibiti.

Idan jariri ya fara tari yana shiɗewa, kada a kira wanzami ya cire masa beli, gama ba belin ne ba. A kai shi asibiti ran nan. Maganin da likita zai ba shi yana hana yaɗuwa bayan kwana 5, amma sai an fara da wuri yake rage tarin. In ya yi amai, a jira ya huta, a sāke ba shi mama kaɗan-kaɗan.

A taron ƙungiya mai zuwa, bari sakatare ya rubuta gidajen da ke da jarirai da ranar allurar kowane ɗaya. Idan ranar ta faɗa cikin noman fari, mai babur ya kai uwa da ɗa, sauran kuma su yi wa maigidan gayya rabin yini.