Amsoshin Tambayoyinku: Gida Mai Iska da Sirri

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta ce za su fara gini, tana son gida mai iska da haske, kuma sirrin iyali a rufe. Ina mafita?

To Hajiya, mafitar tana tsakar gida. Kakanninmu sun san haka: zaure da shigifa su tare idon baƙo, ɗakuna su fuskanci fili. Haka tsofaffin gidajen Fas da Marrakesh suke a Maroko, da itatuwan lemu da ruwa a tsakiya. Da dare sanyi yakan kwanta a filin ya ratsa ɗakuna, zafi kuma ya tashi sama.

Don haka a ja baranda mai faɗi, a sa manyan ƙofofi da raga saboda sauro. Tagogi su dubi arewa da kudu, domin ranar yamma ce ke gasa ɗaki. Daɓen ɗaki ya fi na fili tudu, a gyara magudanar ruwa kafin damina. Darbejiya a dasa ta nesa da bango saboda saiwarta.

Kada ku cinye filinku duka da ɗakuna. Allah Ya sa albarka.