Rance don taimako: kuɗin da ke tafiya ya dawo

Darasinmu na yau a kan rance yake. Mun san sadaka. Mai hali ya ba mabuƙaci hatsi ko kuɗi, ba ya jiran a maida masa. Amma akwai wata hanyar taimako da ta bazu cikin duniya. Maimakon a ba mutum kyauta, sai a ranta masa ɗan jari ya yi sana'a. In ya biya, a ranta wa wani. Ta haka kuɗi ɗaya sai su taimaki mutum 2, ko 5, ko 10, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan hanya tana da amfani, tana kuma da haɗari. Ya kamata duk mai ƙaramar sana'a ya san su duka kafin ya miƙa hannu.

Inda abin ya faro

A nahiyar Asiya akwai wata ƙasa mai suna Bangaladash. A shekarar 1974 yunwa ta yi ɓarna ƙwarai a can. Wani malamin jami'a mai suna Muhammad Yunus ya riƙa shiga ƙauyen Jobra, kusa da inda yake koyarwa. Ya tarar da mata masu yin kujeru da gora. Ba su da kuɗin sayen gorar. Sai su ci bashi wurin ƴan kasuwa, da sharaɗin su saida masu kujerun bisa kuɗin da ƴan kasuwar suka yanke. Mace ta wuni tana aiki, ribar ta tafi aljihun wani.

A shekarar 1976 ya ƙirga mutum 42 da ke cikin wannan hali. Kuɗin da suke buƙata su duka bai wuce dalar Amurka 27 ba. Ya ciro daga aljihunsa ya ranta masu, suka kuwa biya shi. Daga nan aka kafa bankin Grameen a 1983. Ma'anar sunan ita ce bankin ƙauye. Ba ya neman jingina. Mutane suna haɗuwa biyar biyar, suna biya kaɗan kaɗan kowane mako. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cin bashinsa mata ne. A 2006 aka ba Yunus da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Yadda mai taimako na nesa yake ba da rance

A 2005 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna Kiva. Ta fara da wasu ƴan masu sana'a a ƙasar Yuganda. Ga yadda aikin yake tafiya. Ana sa hoton mai sana'a da labarinsa a intanet: mai ɗinki, ko mai kiwon kaji, ko manomi. Mutumin da ke son taimako ya karanta, ya zuba dalar Amurka 25. A lura, dalar Amurka ba dalarmu ta tamma 5 ba ce. Dala 25 tasu ta kai wajen jika 15, gwargwadon canjin ranar. Mutane da yawa suke haɗuwa har kuɗin su cika.

Wanda ya zuba kuɗin ba ya cin riba ko tamma. In an biya, ya ɗauki abinsa ko ya sake ranta wa wani. In ba a biya ba, ya yi hasara. Nan ne sadakarsa take.

Amma akwai abin da ya kamata a gane. Galibi kuɗin ba su zuwa hannun mai sana'a kai tsaye. Suna bi ta wani asusun ba da rance na ƙasarsa. Wannan asusu yana da ma'aikata, da babura, da haya. Saboda haka yakan ɗora kuɗin ruwa a kan bashin. Mai taimako bai nemi ƙari ba, amma mai cin bashi yana biyan ƙari. Kada kalmar taimako ta sa mutum ya manta da wannan.

Akwai kuma masu ba da rance ba ruwa sam, don gudun riba da Musulunci ya hana. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat ta fara haka tun 2001, da kuɗin da masu hali suke bayarwa.

Abin da bincike ya gano

Da farko an yi zaton wannan rance zai kori talauci. A 2015 masana suka fitar da sakamakon bincike daga ƙasashe 6: Bosniya, Habasha, Indiya, Meziko, Mongoliya da Maroko. Sun kwatanta waɗanda aka buɗe wa ƙofar rance da waɗanda ba a buɗe wa ba. Sun ga wasu sana'o'i sun ƙaru. Mutane sun sami sararin zaɓar abin da za su yi. Amma kuɗin da ke shiga yawancin gidaje bai ƙaru sosai ba. A Indiya an ga waɗanda suka fi cin moriya su ne masu sana'ar da ke tafiya tun kafin rancen ya zo.

An kuma ga illarsa. A 2010, a jihar Andara Faradesh ta Indiya, masu ba da rance sun yi yawa. Mace ɗaya ta ci bashi wuri 3 ko 4, tana ɗaukar na nan ta biya na can. Masu karɓar bashi suka matsa wa mutane. An ba da labarin wasu da suka kashe kansu. Dole hukuma ta sa doka ta tsaida abin.

Ashe rance kamar taki yake. In an zuba shi gonar da aka shuka, aka nome, sai amfani ya ƙaru. In an zuba shi kan fako, an yi hasarar takin.

Dubarar da ta fito daga Maraɗi

Ƙasarmu ma ta koya wa duniya wani abu a wannan fanni. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. An gina shi bisa adashen da iyayenmu mata suka sani. Mata wajen 20 ko 30 suna taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda. Daga cikin asusun suke ranta wa junansu. A ƙarshen zagaye su raba kuɗin, har da abin da ya ƙaru. Jarin nasu ne, masu taimako horo suka kawo. Wannan tsari ya yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da wajenta.

Mu yi lissafi

A ce wata mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta ci rancen jika 20, wato 20.000 F. Za ta biya cikin wata 5, da ƙarin jika 2.

20.000 + 2.000 = 22.000 F
22.000 ÷ 5 = 4.400 F kowane wata

In ta zuba kuɗin duka cikin gyaɗa, a ce tana samun ribar 2.000 F a mako. A wata ta sami 8.000 F. Ta biya 4.400 F, saura 3.600 F na cefane. Bayan wata 5 bashi ya ƙare, jarin jika 20 ya zama nata.

To a ce ta ɗebi jika 10 ta kai gudummawar biki. Jari ya ragu da rabi, riba ma haka: 4.000 F a wata. Amma biya yana nan 4.400 F. Kowane wata sai ta taɓa uwar kuɗi. In ciwo ya shigo gidan, sai a kai akuya kasuwa.

Abin kiyayewa kafin a ci bashi

1. A tambayi jimillar abin da za a biya, har da kuɗin takarda. A rubuta shi.
2. A karanta takarda kafin a sa hannu. Wanda bai ƙware ba ya nemi malamin yaƙi da jahilci.
3. A dubi lokacin biya. Mai turkar rago ba ya ganin kuɗi sai ya saida ragon. Manomi sai kaka. Biyan mako mako bai dace da su ba.
4. Kada a ci bashi don biyan wani bashi.
5. A riƙe littafi: abin da aka saya, abin da aka saida, abin da ya rage.

Ga masu hali kuma

Ba sai mutum yana Amurka zai yi wannan alheri ba. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci yana iya ranta wa maƙwabci jarin jika 5 ba tare da ƙari ba. A rubuta, a sa shaidu, a yanke ranar biya. In damina ta ƙi, a yi masa jinkiri.

Amma a bambanta mutane. Wanda rumbunsa ya ƙare, ko yaronsa na kwance asibiti, ko tsohuwar da ba ta da mai yi mata, ba rance ne maganinsu ba. Waɗannan sadaka da zakka suke buƙata. Rance na mai sana'a ne da jari ya gaza masa. Shi kuma wanda aka ranta wa, ya tuna akwai wani a bayansa yana jiran kuɗin nan.

Tambayoyi

1. Mutum nawa Muhammad Yunus ya fara ranta wa, a wace shekara?
2. Don mi mai cin bashi yake biyan ƙari, alhali mai taimako bai nema ba?
3. Wani ya ci rancen 30.000 F da ƙarin 3.000 F, zai biya cikin wata 6. Nawa zai biya kowane wata?
4. Ku tattauna a aji: wace sana'a ce a garinku za ta iya biyan bashi kowane mako, wace ce kuma ba za ta iya ba?