Buhun da iska ba ta shiga

Ƴan uwa manoman Ƙonni, Malbaza da Illela, wake dukiya ne, amma ƙwari kan huda shi tun bai kai kasuwa ba. Wasu na jefa ƙwayar guba cikin buhu. Wannan haɗari ne ga iyalinmu da masu saye.

Ga dabarar da ba ta buƙatar guba: buhun PICS. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a Nijar a 2007. Leda 2 ne masu kauri cikin buhun saƙa 1. Ƙwaro yana numfashi kamar mu. In an ɗaure buhun, sai ƙwarin su shanye iskar ciki, su daina ci, su mutu.

Sai mu kiyaye abu 4:
1. Mu shanya wake ya bushe sarai.
2. Mu duba ledar, kada a sami huda.
3. Mu matse iska, mu ɗaure kowace leda daban.
4. Wajen lodi a mota, mu nisanta buhun da ƙusa da ƙugiya. Huda guda ta isa ta ɓata aikin.

Amma hattara! Albasar Galmi ɗanya ce, tana fitar da laima. In an rufe ta cikin leda, ruɓewa za ta yi kafin ta isa Abijan. Ita sai buhu mai shan iska.

Tambaya: me ya sa wake ke son rufi, albasa kuwa ba ta so?