Yadda Ake Auna Jaket ɗin Babur Da Inda Za A Saye Shi: Darasi Ga Matasan Isa Da Sabon Birni

A Isa da Sabon Birni babur shi ne ƙafar mutane. Da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwar Shinkafi, da shi ɗan kabu-kabu yake ciyar da gidansu. Yawancin matasa kan kashe kuɗi wajen saya wa wayarsu gilashi da kwando don kada ta fashe, amma su hau Boxer da 'yar shara kawai. Idan tsautsayi ya gitta, waya ta tsira, fatar hannu da kafaɗa kuwa su tafi a kan kwalta.

Yanzu da hotunan jaket suka cika shagunan intanet, matasa sun fara saye. Matsalar ita ce da yawansu da ido suke zaɓa, su ga harafin L ko XL su danna. Wannan darasi zai nuna cewa tef ɗin tela ne yake zaɓen jaket, harafin da ke wuyansa bai isa hujja ba.

Me ya raba shi da rigar sanyi?

Jaket ɗin babur yana da aiki biyu. Na farko, yadinsa yana jure gogar ƙasa idan mutum ya faɗi yana zamewa. Na biyu, akwai wasu makarai na roba mai tauri da ake cusawa a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya, su ne suke shanye ƙarfin bugu. A 2011 an wallafa wani bincike da Liz de Rome ta jagoranta a Ostireliya kan mahaya babur 212 da suka yi hatsari. An gano cewa masu sanye da jaket ɗin babur ba su kai sauran kwanciya a asibiti ba, kuma masu makarai a jiki sun fi samun sauƙin rauni.

A nan ne girma yake da muhimmanci. Idan jaket ya yi yawa, makarin gwiwar hannu zai juya gefe a daidai lokacin da ake buƙatarsa, hannun rigar kuma ya tattare sama ya bar fata a fili. Idan ya yi kaɗan, zai takura numfashi da juya kan babur, ƙarshe mai shi ya rataye shi a ƙusa.

Yadda ake awo

Abin da ake buƙata shi ne tef ɗin tela da mutum ɗaya da zai taimaka. In babu tef, a zagaya da igiya, a yi mata alama, sannan a shimfiɗa ta a kan rula. Manhajojin awo na waya da ke aiki da kyamara sun fi dacewa da tebur ko bango, ba sa ba da awon zagayen jiki daidai.

1. Ƙirji: a zagaya tef ta ƙarƙashin hammata, a wurin da ƙirji ya fi faɗi, hannuwa a sake, ana numfashi yadda aka saba. Wannan shi ne awo mafi muhimmanci.
2. Ƙugu: a zagaya daidai cibiya, ba tare da shanye ciki ba.
3. Hannu: daga ƙashin kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwa a ɗan lanƙwashe kamar an riƙe kan babur.
4. Baya: daga gindin wuya zuwa inda ake ɗaure wando.

A yi awon a kan rigar da aka saba hawa da ita, a maimaita sau biyu, sannan a ajiye lambobin a waya da inci da kuma santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Fassara lambobin

Telolinmu da inci suke aiki, haka ma kayan Ingila da Amurka. Jaket mai lamba 40 ana nufin ƙirji mai inci 40, wato kusan santimita 102. Lambar ƙasashen Turai irin su Italiya da Jamus kuwa kusan rabin awon ƙirji ne a santimita: mai ƙirji 100 zai nemi lamba 50. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara 10 a kan lambar Ingila, 40 ta zama 50, 42 ta zama 52.

Haruffan S, M, L da XL ba su da ma'auni ɗaya a duniya. Kayan da ake ɗinkawa don kasuwar Sin sukan fi na Turai ƙanƙanta, har XL ɗin can ya zo daidai da M ko L na wani kamfanin. Saboda haka a buɗe jadawalin awo da ke ƙasan hoton kayan a gwada da lambobin da aka ajiye. A kuma lura ko jadawalin awon jikin mutum yake nunawa ko na rigar kanta, domin na riga ya kan ɗara na jiki.

Alamar inganci

A cikin jaket na gaske akwai ƙyalle mai alamar CE da lambar EN 17092, ƙa'idar Turai da ta fito a 2020. Ajin AAA ne mafi ƙarfi, sai AA, sai A wanda ya fi sauƙin nauyi kuma aka yi shi don tafiyar cikin gari. Ajin B ba shi da makarai. Su ma makaran suna da tasu lambar: EN 1621-1 na kafaɗa da gwiwa, EN 1621-2 na baya, kuma mataki na 2 ya fi na 1 shanye bugu. Jaket da yawa soso kawai suke zuwa da shi a baya, sai an sayi makarin daban.

Sunayen Alpinestars da Dainese, kamfanoni biyu na Italiya, ana yawan kwaikwayon su. In an ga ɗayansu a farashin rigar gwanjo kuma an ce sabo ne, a tuna araha ba ta ado. Shafin MotoCAP na Ostireliya yana gwada jaket ya ba su taurari kan kariya da shigar iska, kuma duba shi kyauta ne.

Zafi da launi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Jaket ɗin fata a irin wannan yanayi azaba ne. Wanda ya dace shi ne mai raga a ƙirji da baya, da shafi na ciki da ake zuge zif a cire, a mayar da shi idan hunturu ya shigo. Aljihun ciki mai zif yana kare waya daga ƙura, amma a gwada a ga ya ɗauki wayar, don yawancin Tecno da Infinix na yanzu sun haura inci 6.

Launi kuwa batun rai ne a wannan yanki. Isa da Sabon Birni suna cikin ƙananan hukumomin da gwamnatin Sakkwato ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga. Jaket mai zanen kakin soja ya cika shagunan intanet da dilolin gwanjo, alhali rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula kan sanya shi, kuma 'yan bindiga na yin shigar burtu da irinsa. Matashin da ya tunkari shingen jami'an tsaro ko ya shiga ƙauye da shi yana iya jawo wa kansa abin da ya fi faɗuwa a babur muni. A zaɓi launi mai haske da ratsin da ke ƙyalli in fitila ta haske shi.

Ina za a saya?

Gwanjo: Babbar Kasuwar Sakkwato, Ƙofar Wambai a Kano, da kasuwar Maraɗi ga masu ƙetarawa. Amfaninsa shi ne ana gwadawa kafin a biya. A duba ɗinkin kafaɗa da zif, a laluba a ji ko makaran suna nan, a matsa su a ga ba su bushe sun tsage ba.

Jumia da Konga: a karanta sharhin waɗanda suka saya da ƙa'idar mayar da kaya. Kafin a biya a tabbatar da inda za su kai, domin mai yiwuwa sai an karɓa a cikin garin Sakkwato.

Jiji, Facebook da WhatsApp: a nemi mai kayan ya shimfiɗa jaket ɗin, ya ɗora tef daga hammata zuwa hammata, ya turo bidiyo. A ninka lambar biyu, ta ɗan ɗara awon ƙirji. Kada a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba. In akwai ɗan'uwa a garin, ya je ya gani da idonsa, sannan a ba direba a tasha.

AliExpress da Temu: akwai zaɓi da yawa, sai dai kaya na ɗaukar makonni, mayarwa kuma wahala ce, don haka kuskuren awo asara ne.

Gwajin ƙarshe

Idan jaket ya iso, kada a cire takardarsa tukuna. A zuge zif har wuya, a hau babur a tsaye, a kama kansa. Hannun rigar ya rufe wuyan hannu, bayanta ya rufe ƙugu. Wani ya kama makarin gwiwa ya gwada juya shi: in ya bar kan ƙashi, jaket ɗin ya yi yawa. In ba a iya waiwaye ko jan dogon numfashi, ya yi kaɗan. Duk wanda ya faɗi wannan gwaji a mayar da shi tun wa'adin bai cika ba. Wanda ya ci kuwa a haɗa shi da hular kwano, domin jaket ba ya kare kai.